Filin Gwaggo: Rawar hannun Baba ta tsayar da maganar aurena

Gwaggo, mahaifina tela ne, shekararsa 63. Shekara biyu ke nan hannunsa na dama yana rawa in yana zaune, takunsa ya zama gajeru-gajeru, zura zare a allura ma ya gagare shi. Mun yi na Hausa, an yi ruƙiyya, daga baya likita ya ce cutar Parkinson ce. An riga an kawo kuɗin gaisuwata, sai yayar mahaifin saurayina ta ji labari, ta ce ciwon gado ne, ba za su haɗa iri da mu ba sai an yi gwaji irin na sikila. Gwaggo, da gaske ni ma zan yi, ’ya’yana ma su yi? Ina ake gwajin?
’Yarki daga Zariya

’Yata, Allah ya ba Baba lafiya, ya sa kaffara ne.

Kada ki riƙe gwaggon saurayin nan a rai. Sikila ta gasa wa gidaje da yawa aya a hannu, shi ya sa yanzu da an ji kalmar gado sai hankali ya tashi. Sai dai lissafin ba ɗaya ba ne. In AS ya auri AS, kowane ciki akwai yiwuwar ɗaya cikin huɗu a haifi SS, gwajin jini guda ya raba gardama. Parkinson kuwa, cikin mutum goma masu ita, bai fi ɗaya ba da za a iya nuna ƙwayar gado guda a ce ita kaɗai ce ta jawo. Sauran, haɗuwar abubuwa ce: shekaru, abin da jiki ya ci karo da shi a rayuwa, da ’yar gudunmawar ƙwayoyin gado masu yawa.

Can cikin ƙwaƙwalwa akwai wani ɗan wuri mai duhun launi da likitoci ke kira substantia nigra. Ƙwayoyin da ke wurin su ke samar da sinadarin dopamin, wanda ke sa motsi ya tafi sumul. A Parkinson suna mutuwa a hankali, kuma kafin hannu ya fara rawa, kusan rabinsu ko fiye sun riga sun tafi. Wato ciwon Baba ya girmi shekara biyun da kuke lissafawa.

Me ke kashe su? A nan maganar gado ta shigo, amma ba ta ƙofar da gwaggon take tsammani ba. Kusan kowace ƙwaya a jikinki tana ɗauke da ƙwayoyin gado kusan 20,000, iri ɗaya a fata da hanta da ƙwaƙwalwa. Bambancin shi ne wacce aka kunna, wacce aka kashe, kuma wadda aka kunna ɗin, yaya ƙarfin aikinta. Akwai wata mai suna SNCA, ni ina da ita, ke ma haka, gwaggon ma haka. Ita ke sa a ƙera wani furotin, alfa-sinuklin, da ƙwaƙwalwa ke amfani da shi. A 1997 aka gano lahani a jikin SNCA a wani dangi ’yan asalin garin Contursi na kudancin Italiya. A 2003 kuma aka ga abin da ya fi ba ni mamaki a wani dangi na jihar Iowa a Amurka: tasu lafiyarta lau, sai dai maimakon kwafi biyu, huɗu suke da shi. Furotin ɗin ya ninka, ya riƙa dunƙulewa cikin ƙwayoyin ƙwaƙwalwa, cutar ta kama su da wuri. Gishiri ba guba ba ne, amma ki ninka shi a miya ki ga wanda zai sha.

Na kusa da mu shi ne binciken da aka wallafa a mujallar Lancet Neurology a 2023, wanda Farfesa Njideka Okubadejo ta Jami’ar Legas take cikin jagororinsa, kuma yawancin marasa lafiyar da aka duba ’yan Najeriya ne. Sun gano wani ɗan sauyi a ƙwayar gado mai suna GBA1, wanda kusan sai a ’yan asalin Afirka ake ganinsa. Aikin GBA1 shi ne samar da sinadarin da ke narkar da wani nau’in kitse a sashen da ƙwaya ke sarrafa shararta. Binciken da ya biyo baya ya nuna sauyin yana rikita saƙon da ake kwafowa daga ƙwayar gadon, sai sinadarin ya yi ƙaranci. Mai kwafi ɗaya haɗarinsa ya kai ninki ɗaya da rabi na wanda ba shi da shi, mai biyu kusan uku da rabi. Kada adadin ya firgita ki. Cikin mutum ɗari da suka haura 60, kusan ɗaya ne ke da Parkinson, ki ninka wannan sau uku ma, ki ƙirga waɗanda suka tsira. Mutane da yawa a Afirka ta Yamma suna ɗauke da sauyin, sun tsufa ko yatsa bai taɓa yi musu rawa ba. Wa ya sani ko yana gidan surukan naki.

Saboda haka babu gwajin da zai ce a ɗaura ko a fasa. Da ciwon ya kama Baba kafin ya kai 40, ko ’yan’uwansa da dama sun yi, ko kuwa gidanku na yawan auren zumunci ne kuma an ga matasa da shi, da sai in ce a nemi shawarar masana gado, domin akwai nau’o’i irin su PRKN da PINK1 da ke bayyana in an gada ta uwa da uba. Wasiƙarki ba ta nuna ko ɗaya ba.

Ga abin da nake so ki yi. Ranar da Baba zai koma ganin likitan ƙwaƙwalwa da jijiyoyi, saurayin ya raka shi, tare da wani babba daga gidansu, su yi tambayar da bakinsu. Ke kada ki shiga cacar baki da gwaggonsa, ba huruminki ba ne. In saurayin ya ji bayanin likita amma ya kasa tsayawa ya fahimtar da danginsa, to wannan halinsa ne, kuma gara ki san shi tun ba a shafa fatiha ba.

Shi kuma Baba, kada a ɓoye shi a ɗaki in baƙi sun zo. Maganin levodopa yana aiki sosai in an kiyaye lokacinsa. Nama da wake da madara suna iya rage masa ƙarfi, don haka a ba shi kamar rabin awa kafin cin abinci, kuma kada a tsayar da shi farat ɗaya don an ga sauƙi ko an samu wani jiƙo. Ya ci gaba da takawa zuwa masallaci, ya zauna a shago ko da yankan yadi zai riƙa nuna wa yara. In kin ga fuskarsa a ɗaure, ba fushi yake da ke ba, ciwon ne ke sandarar da naman fuska.

*

Gwaggo, ina feshin ciyawa a gonakin mutane duk damina. An ce maganin yana kawo ciwon rawar jiki. Haka ne?
Ɗanki daga Funtuwa

Ɗana, maganar tana da tushe. Bincike da dama sun nuna masu yawan mu’amala da paraquat da rotenone sun fi kamuwa da Parkinson, kuma Tarayyar Turai ta haramta paraquat tun 2007. Ka riƙa karanta sunan sinadarin da ke jikin galan, ba sunan kasuwa kaɗai ba. Ka sa safar hannu ta roba da takunkumi da dogon wando, ka ba iska baya in kana feshi, kada ka busa bakin famfo da bakinka in ya toshe. In ka dawo ka yi wanka da sabulu kafin ka ci abinci, a wanke kayan aikin daban, galan ɗin kuma a huda shi don kada wani ya mai da shi na ruwan sha.