Makin JAMB da Samun Gurbi a Jami'a

Yaro ya dawo gida da murna, ya ce ya ci JAMB. Iyaye suka sayar da hatsi da akuya don shirin tafiyarsa makaranta. Watanni suka wuce, sunansa bai fito ba. Wannan yakan faru a ƙauyukanmu. Me ke kawo haka?

Yadda makin yake

Hukumar JAMB ce ke shirya jarrabawar shiga jami'o'in Najeriya tun 1978. Ɗalibi yakan rubuta darussa huɗu a kwamfuta, Turanci dole ne a cikinsu. Cikakken maki 400 ne. A 2025 an tsayar da 150 a matsayin mafi ƙarancin makin shiga jami'a.

Amma 150 izinin shiga layi ne kawai. A manyan jami'o'i kamar ta Ahmadu Bello a Zariya da ta Ibadan, masu neman likitanci da aikin lauya sun fi guraben yawa nesa ba kusa ba. Saboda haka akan fara ɗauka daga masu maki mafi yawa. Jami'o'i da dama sukan sake tantance ɗalibai da kansu. Ana kuma bukatar kiredit biyar a WAEC ko NECO, har da Turanci.

A jami'o'in tarayya, kashi 45 cikin ɗari na guraben na masu maki mafi yawa ne, 35 na 'yan jihohin da ke yankin jami'ar, 20 kuma na jihohin da aka bari baya a ilimi. Don haka makin da bai isa a jami'a mai nisa ba yana iya isa a ta kusa.

Abin da za mu yi

• Mu taimaki yaro ya zaɓi kwas da jami'a daidai da makinsa. JAMB tana ba da damar canjawa.
• Ya koyi amfani da kwamfuta kafin ranar jarrabawa.
• Kada mu ba kowa kuɗi don ya samo mana gurbi. Tun 2017 gurbin gaskiya ta tsarin CAPS na JAMB yake fitowa.

Tambayoyi don tattaunawa

1. Yara nawa ne a ikilisiyarmu za su rubuta jarrabawar bana?
2. Wane malami ko ɗalibi a cikinmu zai iya koya musu da yamma?
3. Yaya za mu ƙarfafa wanda bai samu gurbi ba?