Kafin ka miƙa manhajar da na'ura ta rubuta maka

Wani matashi ya aiko da wannan tambaya: "Malam, na kammala koyon rubuta manhaja a shirin 3MTT, sai wata makarantar kuɗi ta ba ni aikin manhajar karɓar kuɗin makaranta da ajiye sakamakon ɗalibai. Da ChatGPT da Copilot na yi kusan duka aikin, kuma tana tafiya lafiya a kwamfutata. Amma gaskiya akwai wuraren da ban san abin da suke yi ba. In miƙa ta haka?"

Ƙanena, kada ka miƙa tukuna. Ban ga laifi ba don ka yi aiki da ƙirƙirarriyar basira. Tun da GitHub ya fito da Copilot a 2021, ChatGPT kuma ya biyo baya a ƙarshen Nuwamban 2022, sana'ar nan ta sauya, kuma manyan ƙwararru ma da su suke aiki. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne jimlarka ta ƙarshe, cewa akwai wuraren da ba ka gane ba. Ranar da kuɗin wani uba suka maƙale, ko makin wata yarinya ya canza cikin dare, mai makaranta lambarka zai kira, kuma kai kaɗai ne za ka zauna gaban kod ɗin ka gyara.

Ka fara sanin yadda waɗannan na'urori ke aiki. An horar da su da ɗimbin kod da mutane suka zuba a intanet, mai kyau da maras kyau, kuma aikinsu shi ne su hasashi abin da ya fi kama da daidai. Shi ya sa rubutunsu ke fitowa tsaf, ko da akwai ɓaraka a ciki. A 2021 masu bincike a Jami'ar New York sun sa Copilot ya rubuta manhajoji 1,689 a wuraren da tsaro ke da muhimmanci, suka tarar kusan kashi 40 cikin ɗari na da kafar da mai kutse zai iya bi. Na'urorin sun inganta sosai tun lokacin, wannan gaskiya ne. Sai dai hanyar aikinsu tana nan, kuma ba su da ɗabi'ar tsayawa su ce maka "nan wurin ban tabbata ba".

Buɗe shafin da iyaye ke shiga da sunansu da kalmar sirri, mu duba tare. Nemi layin da ke tambayar rumbun bayanai ko akwai mai wannan suna. Idan ka ga an ɗauki abin da mutum ya rubuta a akwatin suna an manna shi kai tsaye cikin umarnin SQL, to ƙofar a buɗe take. Wani zai zo, maimakon sunansa ya rubuta ' OR '1'='1, rumbun ya ɗauki wannan a matsayin umarni, ya ga ai ɗaya daidai yake da ɗaya, ya buɗe masa. Wannan dabara ta haura shekara ashirin ana amfani da ita, kuma har yau tana ci. Maganinta shi ne a aika umarni daban, a aika abin da mutum ya rubuta daban, yadda rumbun ba zai taɓa ɗaukar rubutun baƙo a matsayin umarni ba, kuma duk wani yaren kod da kake amfani da shi yana da hanyar yin haka. Daga nan ka shiga a matsayin uban ɗalibi guda, ka canza lambar da ke ƙarshen adireshin shafin sakamako daga 41 zuwa 42. In sakamakon ɗan wani ya bayyana, manhajarka na tantance wanda ya shigo amma ba ta tantance abin da ya halatta ya gani. Wannan kuskure ya yi yawa a ayyukan sababbin hannu, domin a gwajin mutum ɗaya ba ya nuna kansa.

Sai makullan sirri. Idan da Paystack kake karɓar kuɗi, makullin gwaji yana farawa da sk_test, na gaske kuma da sk_live. Bincika duk fayilolinka. In ka ga na gasken zaune cikin kod, musamman in ka taɓa tura shi GitHub a buɗe, ka ɗauka ya riga ya fita, don akwai na'urorin da ba su da aiki sai shawagi suna tsintar irinsa. Goge layin bai wadatar ba, tunda tarihin Git yana riƙe da shi. Ka soke makullin, ka karɓi sabo, ka ajiye shi a fayil ɗin .env da ba a turawa. Haka nan kada ka kwashi jerin sunayen ɗalibai da lambobin iyayensu ka zuba wa ChatGPT don ya taya ka gyara. A 2023 ma'aikatan Samsung sun zuba kod ɗin sirri na kamfanin a ciki, har kamfanin ya hana ma'aikatansa amfani da irin waɗannan na'urori a kayan aiki. Kai kuma bayanan yara ke hannunka, kuma Dokar Kare Bayanai ta Najeriya ta 2023 ta hau kan makarantar: idan bayanai suka fita ta hanyar da za ta iya cutar da masu su, sai an sanar da hukumar NDPC cikin awa 72.

Akwai wata sabuwar matsala da ban ga ana koyar da ita sosai ba. Wani lokaci na'urar kan ce ka sauke wani ƙunshin kod mai suna kaza, alhali babu shi, ita ta ƙirƙiro sunan. Wani mai binciken tsaro, Bar Lanyado, ya lura na'urorin na yawan ambaton wani ƙunshi mai suna huggingface-cli, sai ya yi rajistar ƙunshi da wannan suna a PyPI, shafin da ake sauke irin waɗannan ƙunsoshi, babu komai a ciki. Cikin wata uku an sauke shi fiye da sau 30,000. Da ɓarawo ne ya riga shi, da kod ɗin sata ya shiga dubban kwamfutoci. Saboda haka kafin ka danna pip install ko npm install, ka je shafin ƙunshin ka ga wa ya rubuta shi, yaushe, kuma mutum nawa ke aiki da shi.

Na san abin da ke jan ka shi ne sauri, kuma mai aiki ma so yake a gama jiya. Amma sauri ya haifi nawa. A Yulin 2025 cibiyar bincike ta METR ta fitar da sakamakon gwajin da ta yi da ƙwararru 16 a kan manhajojin da suka daɗe suna aiki a kansu. Da suka yi amfani da na'urorin, aikin ya ɗauke su ƙarin kashi 19 cikin ɗari na lokaci, alhali su a ransu sun ɗauka sun ƙara sauri da kusan kashi 20. Gwajin ƙarami ne, kuma bai ce na'urar ba ta da amfani ba. Abin da ya nuna shi ne lokacin karantawa da gyara abin da ta rubuta yana ɓuya wa mai yin sa. Ka sa wannan lokaci cikin lissafinka tun wajen yanka farashi.

A watan Yulin 2025 ɗin dai, na'urar kamfanin Replit ta goge rumbun bayanan aikin wani ɗan kasuwa, Jason Lemkin, duk da ya umarce ta kada ta taɓa komai. An samu an dawo da bayanan daga baya. Kai kada ka bar naka ga sa'a: ka raba rumbun gwaji da na gaske, kada ka ba na'ura makullin na gasken, ka riƙa ɗaukar kwafin ajiya kullum, kuma ka gwada dawo da shi sau ɗaya da hannunka don ka tabbatar yana dawowa.

Game da wuraren da ba ka gane ba, nan ne na'urar ta fi amfani. Ɗauki yanki guda, ka ce ta yi maka bayaninsa layi bayan layi, ka tabbatar da bayanin a takardun asali na yaren, sannan ka rufe ta ka sake rubuta yankin da kanka. Ka fara da ɓangaren kuɗi da na shiga, sauran su biyo baya. In akwai wanda ya girme ka a sana'ar, ka roƙe shi ya zauna da kai awa guda ya karanta. Yawancinmu ba ma ƙin wannan roƙo.

Ka je wurin mai makarantar gobe, ka gaya masa kana buƙatar ƙarin mako biyu don gwajin tsaro, kuma ka nemi a fara da aji ɗaya kafin a ɗora makarantar gaba ɗaya.