Isansin da ya ragu cikin kwalba, ina ya tafi?



Ka zuba isansi cikin kwalba, ka bar ta buɗe a rana. Da maraice ka duba, za ka ga ya ragu. Babu wanda ya taɓa shi. To, ina ya tafi? Ya bi iska. Iskar nan kuwa ita muke shaƙa.

Isansi yana da dangi. Akwai tina ta masu fenti, akwai ruwan da ke cikin sholisho na masu facin taya da masu gyaran takalmi. Asalinsu ɗanyen mai ne. Aikinsu narka abubuwa, kamar yadda ruwa yake narka kanwa. Shi ya sa masana'antu suke haɗa fenti da gam da maganin ƙwari da su. Amma duk suna tashi su zama tururi wanda ido ba ya gani. Hanci kaɗai yake jin sa.

Mu mutanen Damargu ba baƙin mai ba ne. A shekarar 2011 aka buɗe matatar mai ta SORAZ a Olelewa, cikin gundumar Tanut. Tana iya tace ganga dubu 20 a yini. Daga Agadem ɗanyen man yake zuwa ta bututu. Tsare tururi cikin manyan tankuna aikin masu matata ne. Amma kwalba da bidon da ke gidajenmu, daga Bakin Birji har Balbeji, aikinmu ne.

Wanda ya shaƙi tururin nan zai ji ciwon kai, jiri da tashin zuciya. Cikin isansi akwai dafi mai suna benzin. Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar yana kawo sankarar jini. Yaron da ya saba shaƙar sholisho kuwa, ƙwaƙwalwarsa ce take lalacewa.

Tururin isansi ya fi iska nauyi. Ƙasa yake kwantawa, inda yara suke barci kan tabarma. In ya gamu da fitila, gobara ce. Da bazara, lokacin zafi, ya fi tashi.

Saboda haka:

1. Mu rufe kwalba da bido sosai, mu ajiye su a inuwa, ba cikin ɗakin kwana ba.
2. Mai fenti da mai faci su yi aiki a fili.
3. Kada a zuƙo isansi da baki daga tankin moto.
4. Kada a wanke hannu da shi. Sabulu ya isa.
5. Wanda jiri ya kama, a fitar da shi waje, a kai shi gidan likita.

Rigakafi ya fi magani.

Tambayoyi:
Ina isansin kwalba ya tafi?
Don me tururinsa ya fi cutar da yara?
Ina kake ajiye naka?