Darasi: Hita Ta Lalace, A Gyara Ko A Sayi Sabuwa?

Daga watan Disamba zuwa Fabrairu, da wuya a sami gidan da ba a neman ruwan zafi da safe. A garuruwan da lantarki ya isa, mutane da yawa sun rage hura itace, sun koma ga hita. Hita ita ce ƙarfen nan mai lanƙwasa da ake tsomawa cikin bokiti, a jona da wuta, ruwa ya yi zafi. A gidan da aka yi haihuwa ta fi shan aiki, domin mai jego tana wanka safe da yamma har kwana 40.

Wata rana hita za ta tsaya. Sai maigida ya shiga tunani: ya kai gyara ne, ko ya sayi sabuwa? Amsar tana ga inda lalacewar take.

Hita tana da sassa uku. Akwai filogi, wato kan da ake sokawa a bango. Akwai waya. Akwai kuma ƙarfen da ke shiga ruwa. Ƙarfen nan bututu ne. A cikinsa akwai wata siririyar waya mai ɗaukar zafi, an kewaye ta da wani farin gari don kada ta taɓa jikin bututun. Muddin bututun yana da lafiya, zafi kaɗai ke fita zuwa ruwa, wutar lantarki tana ciki.

Idan matsalar a filogi take, gyara ya fi. Sau da yawa fis ne ya ƙone, ko dunƙulen da ke riƙe waya ya kwance. Mai gyaran lantarki zai canza shi cikin 'yan mintoci, da kuɗi kaɗan. Haka ma idan ɓera ya ci waya, ko ta tsage. Amma a canza wayar gaba ɗaya da mai kauri irinta. Ɗaure ta da leda ko salatef ba gyara ba ne. Hita tana jan wuta da yawa, wajen ɗaurin zai yi zafi har ya narke. Soka tsirarar waya a soket ba filogi, kamar yadda wasu ke yi, ganganci ne.

Wani lokaci hitar ba ta mutu ba, jinkiri kawai take yi. Ruwan wasu rijiyoyi yana da zartsi, yakan bar farin ɓawo a jikin ƙarfe, ɓawon ya tare zafi. A cire ta daga wuta, a jiƙa ƙarfen kaɗai cikin ruwan lemun tsami ya kwana, a goge da safe. Kada a kankare da wuƙa. A kuma tuna, hita mai ƙarfin wat 1000 tana bukatar kusan minti 40 kafin ta ɗumama lita 20 zuwa zafin wanka. Idan wuta ta zo ba ƙarfi, za ta fi haka daɗewa, kuma ba laifinta ba ne.

Idan kuwa lalacewar a jikin ƙarfen take, maganar gyara ta ƙare. A duba shi da kyau a cikin haske. Ya tsage? Ya kumbura? Tsatsa ta huda shi? Ya yi baƙi saboda an kunna shi ba ruwa? Mariƙin roba ya narke ko ya fashe? Ko ɗaya daga cikin waɗannan ya isa. Da zarar ruwa ya sami hanyar shiga bututun, wuta za ta sami hanyar fita zuwa bokiti. Wutar gidajen Nijeriya kusan bolt 230 ce, tana iya kashe babban mutum, balle wanda hannunsa ke jiƙe, ƙafarsa ba takalmi.

Abin tsoro shi ne irin wannan hita tana iya ci gaba da dafa ruwa. Shi ya sa ake jin wasu suna cewa, “Tana ɗan ja, amma tana aiki.” Hitar da ta ja mutum sau ɗaya, ko kaɗan ne, ta gama aiki a gidan. Duk mai gyaran da ya ce zai yi wa bututun walda ko faci, a karɓe ta a bar masa shagonsa.

Ko da sabuwa ce, ba a sa yatsa a gwada zafin ruwa tana jone. A cire filogi tukuna. Idan wuta ta kama wani, kada a taɓa shi da hannu. A kashe wutar, ko a ture wayar da busasshen itace, sannan a garzaya da shi asibiti.

A wasu gidajen gari akwai babbar hita mai tanki da ake kafawa a bangon banɗaki. Ita ana iya canza ƙarfen cikinta da na'urar da ke kashe ta idan ruwa ya yi zafi. Idan yoyo daga mahaɗar famfo ne, a ɗaure. Idan daga jikin tankin ne, tsatsa ta ci shi daga ciki, sai sabo. Tsohon tanki kuma, in kuɗin gyaransa ya haura rabin kuɗin sabo, gara a ƙara a sayi sabon.

Kafin a zubar da hitar da ta lalace, a yanke wayarta daga gindi. In ba haka ba, yaro zai tsince ta a juji ya kai gida.