Ɗana, Karɓi Gurbin Nan na Zariya

Ɗana, mahaifiyarka ta shigo jiya bayan la'asar, ta ce tun da sunaye suka fito ba ka cin abincin kirki. Injiniyancin kwamfuta ka nema, sai Jami'ar Ahmadu Bello ta ba ka gurbi a sashen injiniyancin ƙarafa da kayan ƙere-ƙere, kuma abokanka na Magama suna ta tsokanarka, wai shekara biyar za ka yi a Zariya don ka dawo maƙeri. Na san da zafi. Amma ka ara mini kunnenka, ni kawunka ne, kuma aikin ƙarfe na koyar a makarantar fasaha har na ajiye alli.

Da farko, kalmar maƙeri ba zagi ba ce. Ka taɓa tsayawa a rumfar maƙera a kasuwar Jibiya ka kalli yadda ake fitar da gatari daga sifirin tsohuwar mota? Yaro na kan zuga-zugi, dattijon ya kafa wa ƙarfen ido har ya yi ja kamar gauta. Ya ɗauko shi da awartaki, ya ɗora a uwar maƙera, ya yi ta duka. Idan siffa ta fito sai ya sake gasa bakin, ya tsoma a ruwa, ka ji cuuu. Bai gama ba. Yakan ɗan mayar da shi kusa da garwashi, yana lura da launin da ke gudu a jikinsa, sannan ya janye. Da ya tsallake wannan mataki na ƙarshe, gatarin zai yi tauri fiye da kima, ranar da ya gamu da icce mai gardama sai bakinsa ya ɓalle kamar kwalba. Dattijon ya san haka a hannunsa da idonsa, gadon iyaye da kakanni ne tun zamanin da ake narka tama a ƙasar nan.

Abin da Zariya za ta ƙara maka shi ne dalili. Za a ba ka ɗan guntun ƙarfe, ka goge shi har ka ga fuskarka, ka ɗiga masa sinadari, ka sa a ƙarƙashin madubin da ke girmama ƙananan abubuwa. Ranar da na fara leƙawa sai da na daɗe ban ɗago ba: ashe ƙarfe ƙwayoyi ne a cushe, kamar gero a cikin mudu. Zafi da saurin sanyi su ke sauya zaman ƙwayoyin nan, tare da ɗan sinadarin kabon da ke ciki, wanda a yawancin ƙarafan aiki bai kai kashi ɗaya cikin ɗari ba. Wannan ɗan kaɗan ɗin shi ke raba rodin da zai lanƙwasu da wanda zai karye a hannun magini. Kuma karatun bai tsaya kan ƙarfe ba, akwai siminti, gilashi, roba, tangaran. Farar ƙasar Kankara da ake kwasa a buhu ana sayarwa da arha, irinta ce tushen tayil da farantan da muke saye da tsada.

Yanzu dubi abin da ke ƙofar gidanmu. A watan Fabrairun 2021 aka aza harsashin layin dogo daga Kano zuwa Maradi, kilomita 284, ta Kazaure, Daura, Katsina, ya ratsa Jibiya ya shiga Nijar, kuma kamfanin Mota-Engil ne ya karɓi aikin. Mutane na lissafin fasinja da buhunan kaya. Ni kuwa ranar watan Afrilu nake tunani. Ƙarfe yana miƙewa idan ya ji zafi: dogo mai tsawon kilomita ɗaya, idan zafinsa ya ƙaru da digiri 30, zai nemi ƙarin kusan santimita 35. Idan ba a ɗaure shi bisa ƙa'ida ba, sai ya karkace kamar maciji. Duk inda aka haɗa dogo da walda, sai an bi da na'ura an tabbatar babu tsaga a ciki wadda ido ba ya gani. Wannan dubawa ba ta ƙarewa ranar buɗe layi, muddin jirgi na bi ana yin ta. 'Yan kwangila za su tattara su tafi. Ina so a ce cikin waɗanda za su rage akwai ɗan Jibiya.

Ba zan ɓoye maka ciwon da ke fannin ba. An fara ginin masana'antar ƙarfe ta Ajakuta a 1979 da taimakon Tarayyar Sobiyet, har yau babbar tanderunta ba ta narka tama ba. Masana'antar murza ƙarfe ta Katsina, wadda aka buɗe a farkon shekarun 1980 tare da na Jos da Oshogbo, an tsara ta ne ta riƙa samun ɗanyen ƙarfe daga masana'antar Aladja, da can ya yi rauni sai ita ma ta ji a jikinta. Na ga ɗalibaina masu hazaƙa sun koma tuƙin haya, abin yana damuna har gobe. Saboda haka kada ka tafi da mafarkin cewa ofis na jiranka. Inda na ga ana samun abinci shi ne masana'antun siminti irin na Kalambaina a Sakkwato da Malbaza a Nijar, kamfanonin da ke narka tsofaffin ƙarafa su fitar da rodi, aikin bututun gas na Ajakuta zuwa Kaduna da Kano, da ɗakunan gwajin kayan gini. Mai takardar shaidar duba walda ba ya daɗewa a zaune.

Abokanka kuma, Allah Ya yi musu albarka, neman halal suke a bakin iyaka. Sai dai ka tuna Agustan 2019 da aka rufe iyaka, ba a buɗe ta Jibiya ba sai Afrilun 2022, ka tuna 2023 bayan juyin mulkin Yamai, yadda manyan motoci suka yi layi a Magama, masu dako da 'yan kamasho suka wuni a gindin bishiya ba ko sisi. Abincin da ke rataye da ƙofar da wani ke buɗewa ya rufe yana da wuyar sha'ani, shi ya sa nake so ka riƙe wani abu daban.

Idan ka je, lissafi da kimiyyar sinadarai za su matsa maka a shekara biyun farko, kada ka ji kunyar tambaya. Lokacin koyon aiki a masana'anta, wanda ake kira SIWES, kada ka nemi inda za a sa maka hannu kana kwance a gida. Nemi inda akwai wuta da ƙura, ka sa takalmin aiki, ka girmama tsofaffin ma'aikata ko da ba su da digiri. Ka kuma riƙe Faransancin da ka tsinta a wajen dangin babanka na Dan Isa, zai yi maka rana a wancan gefen.

Ranar kasuwa ka biyo mini da safe. Akwai wata tsohuwar fartanya da ta tsage a wuya, na ajiye ta a zaure. Za mu kai ta rumfar maƙera tare, ka ji abin da dattijon zai ce ya karya ta, ka rubuta a littafinka ka tafi da shi Zariya.