Amsoshin Tambayoyinku: Abincin Bikin Godiya Ga Mai Gudun Alkama

Wata mai sauraronmu da ke aure a New York ta ce likita ya hana 'yarta cin gulutin, ga shi bikin Godiya na Amurka ya matso. Me za ta jera kusa da talotalo?

To Hajiya, gulutin sinadari ne da ke cikin alkama da sha'ir, kuma ga mai cutar siliyak yana lalata ƙaramin hanji. A bikin, wanda ke faɗowa Alhamis ta huɗu a Nuwamba, matsalar ba naman ba ce. Tana cikin gutsattsarin burodin da ake cusa wa talotalo, da romon da ake kaurarawa da fulawa. Maimakon burodi, ki turara acha ko shinkafa, ki juya da soyayyar albasa da karas. Romon kuwa, ki dama sitacin masara da ruwan sanyi, ki zuba yana tafasa, kina juyawa har ya kama bayan cokali.

Dankalin turawa da na Hausa ba su da laifi. Gero da dawa ma haka, muddin ba a niƙa su a injin da ya niƙa alkama ba.

Inda aka fi tuntuɓe shi ne dunƙulen ɗanɗano, domin wasu na ɗauke da alkama, sai ki karanta kwalin. Kuma ki ware wa yarinyar rariyarta da ludayinta, kada a soya nata a man da aka soya cincin. Allah ya ba ta lafiya.