Darasi na 14: Lambun makarantarmu

Yara, idan damina ta ɗauke kuma iskar hunturu ta fara kaɗawa, lokacin aikin lambu ya yi. A Sokode da Dapaong, daga watan Nuwamba har zuwa Fabrairu, masu lambu suna shuka salati da tumatir da albasa da karoti a bakin rafi ko kusa da rijiya. Makarantu da yawa su ma suna da ɗan lambunsu. Yau za mu koyi abu biyu: yadda ake yi wa shuka alama, da yadda ake haɗa ruwan salati wanda ba ya cutar da kowa.

1. Abin da ya faru a wata makaranta

Aikina shi ne zagaya makarantu don taimaka wa malamai. Wata rana na je wata makaranta a Sokode. 'Yan aji na CE2 sun gyara fangali shida, sun zuba iri, amma ba su rubuta kome ba. Bayan kwana goma tsiro ya fito. Wannan ya ce: "Nan tumatir ne." Wancan ya ce: "A'a, tattasai ne." Wasu kuma suka ga ganyen karoti siriri, suka zaci ciyawa ce, suka tuge shi duka.

Da salatin ya isa ci, sai aka yi kwaɗo da ƙuli-ƙuli da man gyaɗa, kowa ya samu rabonsa. Wata yarinya ta ci loma uku. Ba a jima ba leɓenta ya kumbura, jikinta ya yi ruɗu-ruɗu yana ƙaiƙayi. Malam ya ɗauke ta a babur ya kai ta asibiti da sauri. Allah ya taimaka, ta warke. Ashe jikinta ba ya karɓar gyaɗa, kuma ba wanda ya gaya mata abin da ke cikin kwano. Rashin sani ya fi dare duhu.

2. Mu yi wa shuka alama

Ba sai mun sayi kome ba. A Sokode akwai gora da guntayen katako. A Dapaong akwai faffaɗan dutse da karan dawa. Sakaina da murfin gwangwanin tumatir kuwa suna ko'ina.

Ga yadda za ku yi:

a) Malam ya tsaga gora, ya yanka ta tsawon santimita 30, ya fiƙe gefe ɗaya.
b) A ɗan babbake gefen da zai shiga ƙasa, don kada ya yi saurin ruɓewa.
c) Ku rubuta sunan shuka da Hausa da Faransanci, da ranar da kuka zuba iri.
d) Ku kafa alamar a kan fangali. Santimita 10 su shiga ƙasa, 20 su tsaya a waje.

Da me za ku rubuta? Alli ba ya daɗewa, ban ruwa ɗaya ya isa ya wanke shi. Tawadar bik tana koɗewa a rana. Fensir ya fi su jurewa. A kan dutse ko sakaina, a yi amfani da fenti. A kan murfin gwangwani, a huda haruffa da ƙusa, amma babba ya fara danƙare bakinsa da guduma domin yana yanka hannu.

Me ya sa muke rubuta rana? Domin ita ce ke gaya mana lokacin dashe. Salati yana tsira cikin mako ɗaya, a dasa shi bayan mako uku ko huɗu. Tumatir ma yana yin kusan wata ɗaya kafin a dasa shi. Karoti ba a dasa shi, inda aka zuba shi nan yake girma, kuma yana jinkirin fitowa.

Masana ma suna yi wa tsirrai alama. A shekarar 1753, wani masani ɗan ƙasar Suwidin mai suna Linne ya fitar da littafi inda ya bai wa kowace shuka suna mai kalma biyu da Latinanci. Sunan gyaɗa a can shi ne Arachis hypogaea. Asalinta daga Amurka ta Kudu take, kamar tumatir.

3. Abincin da jiki ba ya karɓa

Gyaɗa abinci ne mai kyau, tana gina jiki. Amma akwai mutanen da jikinsu yake ɗaukar ta kamar abokiyar gaba, ya tashi yaƙi da ita. Shi ne ake ganin borin jini, ko kumburi, ko amai. Da Faransanci ana kiran wannan "allergie". Wani likitan yara na birnin Viyana, Clemens von Pirquet, shi ya ƙirƙiro kalmar a shekarar 1906. Ban da gyaɗa, wasu ƙwai ne ba sa karɓa, wasu madara, wasu kifi, wasu riɗi ko waken soya.

Wannan ba tsirfa ba ce, ba maita ba ce, kuma ba a ɗaukar ta daga wani. Kada ku yi wa mai ita dariya. Kada ku ce masa: "Ɗanɗana kaɗan mana." Ko ɗan mitsitsi yana iya cutar da shi. Idan kun ga fuskar wani ta kumbura bayan cin abinci, ko numfashinsa yana sarƙewa, ku kira babba nan take a kai shi asibiti.

4. Ruwan salati na kowa da kowa

Ƙuli-ƙuli da man gyaɗa na gida daga gyaɗa suke. Mayonez kuma da ƙwai ake yin sa. Ga wani haɗi wanda babu gyaɗa, babu ƙwai, babu madara:

Cokali 3 na man auduga ko man zaitun.
Cokali 1 na ruwan lemun tsami.
Ɗan gishiri.
Ƙwayar tafarnuwa ɗaya, dakakkiya.
Rabin ƙaramar albasa, yankakkiya.

Ku wanke hannu da sabulu. Ku wanke kwalba da cokali da turmi sosai, musamman idan an daka ƙuli-ƙuli a ciki. Ku zuba gishiri cikin ruwan lemu ya narke, don gishiri ba ya narkewa a mai. Sannan ku zuba sauran kayan, ku rufe kwalba, ku girgiza da ƙarfi.

Ku duba da kyau. Mai da ruwa ba sa haɗuwa. Girgizawa tana farfasa mai ya zama ƙananan ɗigo cikin ruwan lemu. In kun ajiye kwalbar, mai zai sake tasowa sama, saboda ya fi ruwa rashin nauyi. Don haka a girgiza kafin a zuba. A maimakon ƙuli-ƙuli, ku barbaɗa garin rogo a kan salati.

Ganyen salati kuwa a wanke shi ɗaya ɗaya da ruwa mai tsabta. A ƙarshe ku liƙa takarda a jikin kwalba, ku rubuta duk abin da kuka zuba. Mai ci ya karanta kafin ya sa hannu.

Kalmomi

lambu: le jardin
fangali: la planche
alama: l'étiquette
iri: la semence
gyaɗa: l'arachide
lemun tsami: le citron

Tambayoyi

1. Me ya sa yara suka tuge karoti?
2. Abubuwa nawa ake rubutawa a kan alama? Ku faɗe su.
3. Me za ka yi in abokinka ya kumbura bayan cin abinci?
4. Cokali 3 na mai suna tafiya da cokali 1 na ruwan lemu. In muna da cokali 12 na mai, cokali nawa na ruwan lemu za mu zuba?

Aiki

Kowane ɗalibi ya yi alama ɗaya ya kawo ranar Litinin. Ku tambayi iyayenku ko akwai abincin da jikinku ba ya karɓa, ku gaya wa malam ya rubuta a littafin aji.

Mu riƙe: rigakafi ya fi magani.